Yadda Sahiya Ta Bar Dama Hura

Sahiya ɗiyar manoman albasa ce a Badagishiri. Gona ta tahi hannun maza, ita hannun uwarta ta gada: in ta dama hura ranar kasuwa, direbobin Konni har layi suke. Mijinta Labo, yaron babbar mota, ya rasu can Ikko, labari kawai aka aiko mata. Da ƙwaryar hura ta riƙe yara huɗu, har yunwar dubu biyu da biyar ta zo ta wuce ba ta binne ko guda ba.

Bayan yunwar wata anasara ta zo da farar mota da tafintanta Attahiru, mutumin Malbaza. Wai bincike take kan yadda matan da mazansu suka mutu ke ci da gida. Ta samu izinin manyanta can ƙasarsu, da na Yamai, da na perefe mai mulkin yankin, da na maigari. Manyan nata suka ɗora mata sharaɗi: a tambayi mace ita kaɗai, kada wani kunne ya ji. To, ina ɗaki a tsakiyar kasuwa? Sai suka sa Sahiya cikin motar, suka ɗaga gilashi, jama'a na kallo.

Zancen hatsi suka yi mata, da na awaki, da abin da yara ke karyawa da shi. Amma farar motar da ta riga wannan zuwa garin ta masu gwajin sida ce, ciwon ƙanjamau, kuma kowa ya san a nesa Labo ya mutu. Kasuwa ta gaba, ba wanda ya taɓa ludayinta.

Ta bi su har masaukinsu a Illela, ta roƙi anasarar ta zo bakin kasuwa ta faɗi abin da aka tambaye ta. Matar ta amsa da harshensu, har da ƙwalla. Attahiru ya juya maganar da Hausa:

"Inna, ba ta da izinin faɗa. Ko ta ce ta san ki, an hana ta. Don a kare ki aka yi dokar."

"Ɗan nan, tambaye ta, masu kare nin suna shan hura? In aika musu ta jiya, tana nan ta yi tsami."

Sahiya ta koma kasuwa ta faɗa da bakinta, ta rantse ta ƙara. Mutane suka ce Allah ya sawwaƙe, suka wuce gun mai hura ta gaba. Yanzu itace take saidawa a bakin hanyar Tawa, abin da ba a kaiwa baki. Lahiyarta lau, ko ciwon kai ba ta yi.