Almu Mai Gyaran Waya da Wuƙar Juwairiyya

"Roba ce," in ji Juwairiyya. "Sau nawa wayar nan na faɗowa daga kan gado ba ta fashe ba? Kofin shayi na yin haka?"

"Gilashi ne, Yaya," in ji Almu, bai ko ɗago kai ba. "Gilashi ne da anka sarrafa ya yi tauri. Robar ita ce 'yar ledar da na manna miki a sama, ke kuwa kin ɓare ta tun bara."

"Ai dauɗa ta yi."

Ina zaune kan benci a shagon ranar, na kawo tawa caji, don haka ba labari anka ba ni ba. Fuskar wayar Juwairiyya ce ta tsage daga kusurwa, sai ta yi mata abin da kowace mace a ƙauyenmu ke yi wa jarkar ruwa in ta tsage: ta sa wuƙa cikin garwashi har ta yi ja, ta goga kan tsagar don ta narke ta haɗe. Ba ta haɗe ba. Baƙi ya malale fuskar kamar an ɓarar da tawada, ta daina jin yatsa.

Dariya ta zo min har wuya, Allah na gani. Na haɗiye ta don na san abin da ke cikin wayar. Muryar ɗanta Mahadi ce, saƙo ɗaya tak da ya turo daga Madani ana gobe yaƙi zai shiga garin. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kullum in ta sallame asuba sai ta saurare shi kafin ta hura wuta.

Wanda bai san Almu ba, shi ne mai rumfar kwano a bakin hanyar Abu Na'ama. Da rediyo ya fara, tun muna da haƙora. Da safe zai share ƙurar sola da bakin jallabiyarsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle kan tebur saboda kusoshin waya ba su fi ƙwayar riɗi ba, ya yi bisimilla, ya zauna. Ba ya tashi sai an kira azahar.

Aibinsa ɗaya, kuma zan faɗa. Shekara goma sha biyu ina kai masa jabana, gahawar nan tamu mai citta, da zafinta, ko zai saki baki. Wayar limami ta bi ta hannunsa, da ta dillalan riɗi, da ta 'yan matan da ke cewa malamar makaranta suke kira. Ko kalma ban samu ba. Da ya ga fuskar waya ta kawo haske sai ya kife ta, ya aika a kira mai ita. In na matsa sai ya ce, "Hajja, aikina ya tsaya a gilashi. Abin da ke bayansa na mai shi ne."

Lokacin hanyar Sinnar a rufe take saboda yaƙi, kayan gyara ba su shigowa. Ya zazzage kwalin matattun wayoyinsa, ba wadda ta yi daidai. Kwana tara Juwairiyya na zuwa, ta zauna, ta tashi, ba ta ƙara cewa roba ce ba. Mero matar Almu ce ta tsegunta min sauran: duk ƙauyen waya ɗaya ce irin ta Juwairiyya, ita ce tasa. Da ita yake ganin fuskar ɗiyarsa Nasiba da jikokinsa da ke Damazin. Ya kira su, ya kalle su son ransa, ya kashe, ya ɗauko abin kwancewa.

Almu na Mero, mai hannu ba rawa. Kai ne ka ciro fuskar wayarka ka dasa wa ta wata, ka bar taka makauniya cikin kwali. Kai ne asirin gidaje ɗari ya ratsa ta tafin hannunka bai ɗiga ƙasa ba. Yanzu idonka ya fara hazo, ka ce in an gama yankan riɗi za ka rufe rumfa. Mun gode. Allah ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka wa mutane, ya sa ka ga Nasiba ido da ido. Ku kuma masu zaune a kasuwar Dindir da Damazin kuna buɗe wayoyin bayin Allah, gyara kowa na iya koyo. Kife wayar nan za ku koya.

Rana ta goma ya aika anka kira Juwairiyya. Na riga ta isa, don ni ma ina son jin abin da Mahadi ya ce, kuma ba ta taɓa bari wani ya ji ba. Ya miƙa mata wayar a kife. Ta juya ta, ta sa yatsa, fuskar ta amsa. Ta shiga laluben saƙon Mahadi.

"Hajja, tashi mu sha iska," in ji Almu.

"Gwiwata na ciwo, ɗan nan."

"Da ita kinka zo."

Ya ɗauki sandata ya miƙo min, ya tsaya a kaina har sai da na miƙe. Na taka a hankali, ina jan ƙafa, kunnena na baya. Na ji numfashin Mahadi, na ji ya ce "Inna". Sai Almu ya fito bayana, ya bar ta ita da ɗanta, ya jawo ƙofar kwanon ya buga ta da ƙarfi.