Tsohon Ragon Kakana

Har yau idan na ji dabba tana cizon haƙora, sai gabana ya faɗi. Kai da ba ka yi kiwo ba, ba ka san wannan ƙara ba: kamar ana niƙa tsakuwa a baki. A wurin ragon kakana na fara jin ta, a gidanmu na Danchadi.

Ragon nan maraya ne, kakana ya raine shi da nonon akuya. Layya ta zo ta wuce sau da yawa, wuƙa ba ta taɓa shi ba. Yakan bi tsohon har fadamar albasa, ya jira shi a ƙofar masallaci. Mu jikoki haushinsa muke ji, wallahi, don dusar da ya fi so ita ake jiƙa masa safe da yamma, mu kuwa sai tsawa.

Da bazarar wata shekara fitsari ya tsaya masa. Sai ya ware ƙafafu, ya yi ta yunƙuri yana cizon haƙora, ɗigo kaɗan ya fito, ja kamar ruwan zoɓo. Kakana ya mayar da shi inuwar rumbu. Ya ɗura masa jiƙon kanwa, ya gasa masa mara da ruwan ɗumi, yana yi masa sannu kamar mutum. Cikin ya yi ta kumbura.

Babana ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce, “Baba, a yanka shi tun da rai. In ya zan mushe, an yi asara biyu.”

“Ku bar min shi,” in ji kakana. “Kwananai ba su ƙare ba.”

Maƙwabta suka sa baki, liman ma ya sa. Aka ce almubazzaranci ne, ga mabuƙata a unguwa. Nan ne tsohon ya karaya. Ya ce to, a raba sadaka. Ya shige ɗaki ya saki asabari, aka janye ragon yana waiwaye.

Da mahauci ya farke cikin, kowa ya toshe hanci. Mafitsara ta fashe tuni, ƙoda ta lalace, zarni ya ratsa naman kaf. Ko tsoka ɗaya ba ta ciwu ba. A bayan gari muka turbuɗe shi.

Yanzu akwai likitan dabbobi a Bodinga. Shi ya faɗa mini yawan dusa ke tara wa rago tsakuwa a mafitsara, kuma akan magance abin in an kama shi da wuri. Na gode Allah da kakana bai rayu ya ji wannan ba. Abin da ya ji ya ishe shi. Ranar da aka yanka ragon, ya fito da la’asar yana tambayar gidajen da aka kai wa naman, babana ya sunkuyar da kai ya faɗa masa gaskiya. Tsohon ya ce, “Ashe banza kunka hana shi mutuwa hannuna.”