Shayin da Babu Ganye a Cikinsa



Wata huɗu ke nan ina jinyar wani tsohon Bature mai ciwon suga. Kullum da safe nakan hau jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Morris Heights in je gidansa. Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'an kakana gatsau ba. Tun ranar farko 'yarsa ta ja mini kunne: maganinsa ba ya jituwa da giya, in ko ɗigo ya shiga bakinsa a hannuna, to in nemi wani aikin.

Ranar Talata da rana na tura shi a kekensa na majinyata zuwa gidan abincin bakin layi. Ya ce a kawo masa Long Island Iced Tea. Shayi mai ƙanƙara dai, me zai dame ni? To a gidanmu ba a miƙa wa majinyaci abu sai an ɗanɗana, haka na yi wa kakata shekara biyu. Na ɗauki kofin na kurɓa, in ji ko suga ya yi yawa.

Wuta ta bi maƙogwarona. Innalillahi! Ni da ko warin giya ba na so.

Tsohon nan ya yi ta dariya har da tari. "Yarinya, ko ganye ɗaya babu a ciki. Giya iri biyar ce, baƙin lemo ya ba ta launin shayi. An ce a yankin Long Island aka fara haɗa ta. Wasu kuma sun ce tun zamanin da aka hana giya a ƙasar nan, don ɗan sanda ya ga kofi ya wuce."

"Ashe ni ce ɗan sandan, Baba?"

"Bar ni in yi kurɓi ɗaya kawai. Kada ki gaya wa 'yata."

Mutanen da ko biskit sai sun rubuta akwai gyaɗa a ciki, su ne za su sa wa wannan suna shayi! Kuma yana kallona na kai baki, bai ce uffan ba.

Na janye kofin nesa da hannunsa, na kira 'yarsa a gabansa, na faɗa mata komai har kurɓin da na yi. Ta ce in mayar da shi gida.

Aikina yana nan. Baba kuwa kwana biyar ke nan bai amsa gaisuwata ba. Ya riƙe ni a zuciya. Shayinsa na safe ni nake dafawa, da ganyen da na gani da idona.