Matakalar Bene Na Uku

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana gwara kan mutane da bango ana biyan ta albashi. Aikinta ke nan a kamfanin wasannin kwamfuta: ta ɗauki jarumin wasa ta yi ta buga shi da kowace kusurwa, ta buɗe ƙofa ɗaya sau ɗari, ko wani abu zai lalace kafin masu saye su gani. Shi ya sa 'yan ofis suka laƙaba mata Ci-karo. Har mijinta, direban motar asibiti, ya ari sunan, ita kuma tana jin daɗinsa.

Sai kamfani ya tono wani tsohon wasan ban tsoro, na wata mata da ke neman mafita daga otal da tocila da harsashi shida. Aka sabunta masa zane da haske don kwamfutocin yanzu, aka miƙa mata gwaji. Kowa a ofis injinsa sabo ne fil. Ita kuwa tana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, mai fanka mai gurnani, da take kira Kaka. Hujjarta ɗaya ce: yawancin masu saye irin Kaka gare su a gida.

A kan Kaka ta gano aibin. A matakalar bene na uku, daidai inda dodo ke dirowa daga rufi, hoton yakan daskare daƙiƙa biyu. Kafin ya saki an riga an cinye ka. Ta bi diddigi har ta gano sababbin fitilu goma sha biyu da aka jera a wurin ne suka yi wa injin nauyi. Ta rubuta rahoto shafi huɗu, ta ce a mayar da su huɗu.

Manaja ko shafin farko bai gama ba ya ture.

"Yaya, a tawa kwamfutar fa lafiya lau yake tafiya."

"Ranka ya daɗe, taka ai ta fi motar mijina tsada."

"Laifin wannan gawar ne da kike ajiye da ita. Wa ke amfani da irinta yanzu?"

"Masu saye," in ji ta.

Ranar Litinin ta tarar an kwashe Kaka, wai baƙi za su zo, tana ɓata ofis. Shatinta kawai ya rage a kan darduma.

Wasa ya fita kasuwa. Kwana uku bai cika ba masu sharhi suka yi masa ca, bidiyon matakalar ya zaga ko'ina, ana ta dariya. Kamfani ya fitar da takardar ban haƙuri, ya ce sashen gwaji ne ya yi sakaci. Sashen gwaji kuwa mutum uku ne, ita ce babbarsu. Ta ce a duba rahotonta, manaja ya yi rantsuwa bai taɓa ganin sa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! An sallame ta ranar Alhamis, shi kuma aka naɗa shi shugaban kwamitin gyara. Rasa aikin ya yi mata ciwo, amma kalmar sakaci ta fi ci mata rai, don duk inda ta kai takardun neman aiki ta tarar kalmar ta riga ta isa.

Bayan wata guda gyara ya fito. Ta aro kwamfutar ƙanwarta, sa'ar Kaka, ta ɗora a teburin cin abinci. Ta hau bene na uku sumul. Ta ƙirga fitilu, huɗu cif. A ƙasan allo an rubuta godiya ga 'yan wasan da suka ankarar da kamfani.

Dodo ya diro. Ta san inda ake harbinsa ko ido rufe, amma ta janye hannuwanta ta bar shi ya ci.

Mijinta ya leƙo yana ɓalle maɓallin rigar aiki.

"Ci-karo, ya gyaru?"

"Ya gyaru," ta ce. "Kada ka ƙara kira na da sunan nan."