Inda Bakin Kaza Ya Kalla

Duk wanda ya yi aiki a kamfanonin kwamfuta na garin Hsinchu ya san gidan abincin Kuo Pi-hsia, wadda kowa ke kira Anti Kuo. Ni shayi nake sayarwa a jikin shagonta tun tana da baƙin gashi, don haka ba labari aka ba ni ba. Gajera ce mai faɗan tsiya, ga hannu a girki. Iyayensu sun rasu tana budurwa, ita ta riƙe ƙanenta Wen-lung, da taliyar shinkafa ta kai shi makaranta har ya zama injiniya. Ba ta yi aure ba. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Da wane lokacin?"

Shagon yana tsakanin kamfanoni biyu, ɗaya a tudu, ɗaya a gangare, kuma abu guda suke ƙerawa: ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin nan da bankuna ke jibge bayanansu a ciki. Ba sa ga-maciji da juna. Yau 'yan Tudu su yi talla su ce tasu ta fi sauri, gobe 'yan Gangare su ce tasu ba ta shan wuta. Anti Kuo sai da ta raba musu ɗakunan cin abinci, don an taɓa ba hammata iska a wurin wanke hannu.

Wen-lung a Tudu yake, sashen sanyaya na'ura. Bara aka yi abin kunya. Masu tallan kamfanin sun cika gari da alkawari tun aikin bai nuna ba, aka kai sabuwar ƙwaƙwalwar baje kolin birnin Taipei, ta ɗau zafi a gaban masu saye, ta mutu murus. Kafin a farga 'yan Gangare sun manna hoton ana soya ƙwai a kanta a jikin kowace bas. Masu saye suka juya baya. Kowa ya san sai an sami wanda za a ɗora wa laifin, kuma bakin masu talla ya fi na injiniyoyi kaifi.

A haka walimar ƙarshen shekara ta 'yan Tudu ta zo, a shagon Anti Kuo. Mu nan, maigidan da zai sallami ma'aikaci ba lallai ya faɗa da baki ba. A walimar ake kawo dafaffiyar kaza da kanta, wanda bakin ya kalla ya san ba shi da wuri bayan sabuwar shekara. Masu mutunci sun daina, sai a ɗaga kan ya kalli sama. Manaja Tsai na Tudu bai daina ba, shi mutum ne mai son a ji tsoronsa.

Na shiga da butocin shayi na tarar da shi a ƙofar kicin.

"Madam Kuo, bana ke da kanki za ki kawo kazar. Bakinta ya kalli kujerar kusa da taga."

"Wa ke kusa da taga?"

"Kin sani."

"Ƙanena, yaron da kuka hana hutu wata da watanni? Shi ya rubuta ƙaryar da kuka liƙa a gari?"

"Yaro? Da wannan furfurar? Ni ban zo gardama ba. Daga hannunki zai fi masa sauƙi. In kuma hannun ya yi nauyi, gidajen abinci ba su ƙare a Hsinchu ba."

Wallahi sai da na ji kamar in sheƙa masa ruwan zafi. Ita kuwa ta ɗauki wuƙa. Ta sassara kazar, ta jera, ta ɗora kan. Ta san mai shekarun Wen-lung in aka sallame shi da sunan shi ya ƙona na'ura, babu kamfanin da zai sake dubansa, ga 'ya'yansa mata suna makaranta.

Na bi ta a baya. Ɗakin ya yi tsit, har mai waƙa ya ajiye makirufo. Teburin da'ira ne mai faifan gilas a tsakiya, wanda ake juyawa abinci ya iso gaban kowa. Duk ido yana kan farantin. Shugaban masu talla sai goge gumi yake. Anti Kuo ta wuce taga, ta wuce ƙanenta, ta tsaya a gurbin da ake ajiye abinci, ta sauke farantin bakin kazar yana kallon cikinta.

"To, ni aka kora, yallaɓai," ta ce. "Baɗi ku nemi wani gidan. A ci lafiya."

Wasu suka saki numfashi, wani har ya fara tafi. Manaja Tsai ya yi murmushi, ya ɗora ɗan yatsa a gefen gilas ya fara juyawa a hankali. Bakin kazar ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyar da kai in ya zo kansa. Mutum nawa ne a teburin nan, kowa da hannu biyu, babu wanda ya riƙe faifan. Bakin ya tsaya a taga, a kan Wen-lung.

Wen-lung ya daɗe yana kallon kan kazar. Sannan ya sa tsinken cin abinci ya ɗauki kan ya saka a kwanonsa.

"Yaya, koma kicin," ya ce. "Kada miyarki ta ƙone."

Tun da nake da ita ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, a bayan tukunya, tana zagin albasa.

'Yan Tudu ba su sake taka shagon ba. Yanzu 'yan Gangare ne ke cika ɗakunan duka, suna shewar kasuwar da suka ƙwace. Mai kai musu faranti Wen-lung ne, dattijo mai tabarau, ba ya yawan magana. In suka ƙwala masa kira, "Kai, mai abinci!", Anti Kuo takan riga shi fitowa.