Sakan Saba'in da Ɗaya na Kalilu

Ka taɓa ƙirga sakan nawa ƙwallo take yi a ƙafar ɗan benci? Ni na ƙirga, saboda Kalilu.

Ɗakinmu ɗaya a unguwar Taman Melati, a babban birnin Malesiya. Karatun ƙididdiga ya kawo ni, shi kuma digiri na biyu, amma zuciyarsa tana fili. Shekararsa ashirin da shida, ɗan gaba ne a wata ƙaramar ƙungiya bayan Brickfields, wadda ko motar kanta ba ta da ita. Atisaye sau huɗu a mako, a jirgin ƙasa, tasha goma sha uku zuwa, sha uku dawowa.

Wani dillalin 'yan wasa ya ce wa Kalilu ya kawo bidiyon minti biyar yana taka leda a wasan gaske, zai nema masa babbar ƙungiya kafin bizarsa ta ƙare. In ba haka ba, sai gida. Na ɗauki biro. Wasa goma ya rage, sakan talatin kowanne. Na ce, "Mutumina, wannan ai an gama."

Duk Asabar ina bakin fili da waya a hannu. In Kalilu ya tambayi kocin ko zai sa shi, sai kocin ya dafa kafaɗarsa: "Boleh, boleh." Wato zai yiwu. Sai minti na tamanin da takwas yake sa shi. Wasa tara, na tara sakan saba'in da ɗaya.

A na goma, kocin ya kira shi tun minti na sittin. Yana tsaye bakin layi, ya cusa riga, sai tsawa ta faɗi. Alƙalin wasa ya busa, kowa ya gudu rumfa. Ba a dawo ba.

A jirgi Kalilu ya ce, "Malam Adnan, nawa muka tara?"

Na faɗa masa.

"To rage wa bidiyon gudu mana, kamar yadda suke yi a talabijin."

Na rage har sau huɗu. Ɗari biyu da tamanin da huɗu. Ko a haka saura sha shida. Muka tura, dillalin ya buɗe, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar da na raka Kalilu tashar KL Sentral da jakarsa zai koma gida, takalman ƙwallon na ƙarƙashin gado. Na tuna masa, ya ce nauyi za su ƙara.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana bin ƙwallo. Don Allah ɗauki wayarka, saita sakan saba'in da ɗaya, ka zauna shiru har ta yi ƙara. Gwada ka gani.