Ranar da Aka Kai Ni Gaishe da Wata

Makka

Kafin kiran assalatu na bar gidanmu a unguwar Mansur zuwa filin jirgin Jidda. Hajiya, mahaifiyata, ta rako ni bakin ƙofa. "Ya waladi, ƙasar masu gumaka za ka. Goshinka na Allah ne, halas, magana ta ƙare."

"Tayyib, Hajiya. Kayan mota zan sayo, ba addini ba."

Fukuoka, Japan

Mori, dattijon da muke sarin kayan gyaran mota a wurinsa, shi ya tarbe ni. Murmushinsa ya yi yawa, ni kuwa ban yarda da mai yawan murmushi ba. Waya ce tafintarmu. Ana cikin ciniki ya ce gobe zai kai ni wani wuri, ya ƙi faɗin ko ina ne. Na kwana da fasfo a ƙarƙashin matashi.

Tsibirin Iki

Da safe muka hau jirgin ruwa. Mori ya miƙo mini dunƙulen shinkafa; sai da na ɓare na ga kifi ne a ciki sannan na ci. Tasi ta ajiye mu a gindin wani tudu, ba kowa sai itatuwa. Matakalar dutse ta kai mu wani ɗan ɗakin katako, an rataya igiyar ciyawa a ƙofarsa. Mori ya wanke hannu da baki kamar mai alwala, ya sunkuya, ya tafa, ya matsa mini wuri.

Na ja da baya. Ashe rantsuwar ciniki zai sa ni a gaban gunki! In na ƙi, cinikin ya rushe. In na yi, da wane ido zan kalli Ka'aba?

"Ba zan sunkuya ba," na gaya wa wayar.

Ya karanta, murmushin ya ɗauke. "Nan ake bauta wa wata. Na ga jinjirin wata a kan masallatanku, ka kuma ce sai kun gan shi kuke azumi. Na ɗauka naku ne. Ka yi nisa da gida, na so ka samu wurin ibada."

Kunya ta rufe ni. Na ce da wata muke lissafin kwanaki kawai, wanda ya halicce shi muke bauta wa. Sai ya ce, "To, ina kake fuskanta?"

Na nuna masa yamma. Muka gangara bakin teku, na yi azahar a kan yashi, yana tsaye riƙe da takalmana.

Makka

Na iso gida lafiya da kayana, godiya ta tabbata ga Allah. Hajiya ba ta bari na ajiye jaka ba.

"Goshin fa?"

"Yana nan, Hajiya."

Ba ta yarda ba sai da na ba ta labarin tun daga farko. Da na zo kan takalman, sai ta dakatar da ni.

"Wannan tsohon," ta ce, "ka aika masa da dabino."